Tarihin Tiyatar Furostet: Daga Bututun Azurfar Az-Zahrawi Zuwa Hasken Leza



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, yau ina so mu taɓa wani zance da dattawanmu ke jin nauyin ɗaga shi ko a gaban 'ya'yan cikinsu, alhali kuwa yana hana da yawansu barci, yana hana wasu tsayuwa cikin sahu da natsuwa. Ina nufin kumburin furostet, da tarihin yadda likitoci suka yi ta fama da shi da bututu da wuƙa da wutar lantarki, da abin da kowace dabara ta jawo wa majinyata na sauƙi da na wahala.

Sau da yawa za ka ji an ce wane yana ciwon mafitsara, alhali mafitsarar lafiyarta ƙalau, maƙwabciyarta ce ta tare mata ƙofa. Furostet wata 'yar tsoka ce da maza kaɗai ke da ita. Tana ƙarƙashin mafitsara, ta zagaye hanyar fitsari kamar yadda zobe ke zagaye yatsa. A jikin saurayi girmanta bai wuce goro ba, nauyinta kimanin giram 20, aikinta kuwa samar da wani kaso na ruwan maniyyi. Idan namiji ya ba shekara 40 baya, sai cikinta ya fara tofo a hankali. Wani bincike da ya tattara sakamakon duba gawawwaki, aka buga shi a 1984, ya nuna cewa kusan rabin mazan da ke tsakanin shekara 51 zuwa 60 suna da wannan tofon, kuma kusan 9 cikin 10 na waɗanda suka haura 80. Wannan kumburi daban, sankarar furostet daban, ko da yake suna iya haɗuwa a jikin mutum guda. Alamominsa sanannu ne: ƙarfin fitsari ya ragu, mutum ya tashi sau uku ko huɗu cikin dare, ya gama ya ji da saura. Mafi tsanani ita ce ranar da hanya ta toshe ƙirin, mara ta kumbura, mutum ya kasa zaune ya kasa tsaye. Akwai kuma mai shiru, wanda fitsari ke taruwa wata da watanni ba tare da zafi ba, har matsinsa ya koma sama ya lalata ƙoda.

Likitocin dā sun san toshewar tun kafin su san mai toshewa. An tono bututun fitsari na tagulla a kangon birnin Pompeii na Italiya, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 Miladiyya. Daga Girkawa da Rumawa ilimin ya iso hannun Musulmi, kuma a nan ne nake son mu ɗan zauna.

Abul Ƙasim Az-Zahrawi, Allah Ya jiƙansa, ya rayu a Andalus, kusa da Kurɗuba, daga wajen 936 zuwa 1013. Littafinsa At-Tasrif kashi 30 ne, kashi na ƙarshe kuwa na fiɗa ne zalla, da zanen kayan aiki kimanin 200. A cikinsa ya ware babi ga wanda fitsari ya tsare. Ya lissafa dalilan da ya sani: tsakuwa, ko gudan jini, ko mugunya, ko wata tsoka da ta tsiro. Sa'an nan ya siffanta bututun azurfa siriri mai santsi, mai rami kamar karan gashin tsuntsu, da ɗan mazurari a gindinsa. Ya yi bayanin yadda za a shafa masa mai, yadda za a zaunar da majinyaci, da yadda za a juya hannu a bi lanƙwasar hanyar har a isa mafitsara. Akwai zare mai ɗan ulu a baki da ake zurawa cikin bututun, idan an isa sai a ja shi, fitsari ya biyo baya. Ya kuma siffanta sirinjin ɗura magani da wanke mafitsara. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi zancen bututu mai laushi da ake yi da jemammiyar fata, ya kuma so a yi masa huji fiye da ɗaya a baki, don in wani ya toshe wani ya yi aiki. A ƙarni na 12 Gerard na Cremona ya fassara kashin fiɗar At-Tasrif zuwa Latin a birnin Toledo, likitocin Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna karanta shi.

Sai dai adalci ya sa in faɗi wani abu. Nakan ga rubuce-rubucen wasu 'yan'uwa da son magabata ya kai su ga jingina wa Az-Zahrawi kowace irin tiyata da ake yi a yau. Bai yi tiyatar furostet ba, bai ma ware ta da suna a matsayin sanadin toshewa ba, kuma ya ɗauki abubuwa da dama daga Bulus na Aegina, likitan Girka na ƙarni na 7. Falalarsa ita ce ya gwada da hannunsa, ya gyara, ya zana, ya rubuta a fayyace yadda ɗalibi zai iya bi. Wannan ta ishe shi girma, ba ya bukatar mu ƙara masa da abin da bai yi ba.

Niccolo Massa, likita a Venice, ya siffanta furostet a 1536. Sai a 1761 Giovanni Morgagni na Padua, bayan ya buɗe gawawwakin tsofaffi da yawa, ya nuna a fili cewa kumburinta ne ke tare fitsari. A 1786 kuma John Hunter a Landan ya lura cewa dabbar da aka fiɗiye furostet ɗinta kan motse. Ka riƙe wannan lura ta Hunter, za ta dawo mana sau biyu, ɗaya da sharri ɗaya da alheri.

Sanin cuta bai kawo magani nan take ba. A tsawon ƙarni na 19, makomar dattijon da wannan lalura ta kama ita ce zaman bututu. Ana koya masa ya zura wa kansa sau da yawa a yini, har wasu Turawa kan ɓoye nasu cikin malfa ko cikin sandar dogarawa. Auguste Mercier a Faransa ya lanƙwasa bakin bututun a 1836 don ya haye tudun furostet, Auguste Nelaton kuma ya kawo na roba mai laushi a shekarun 1860. To amma ba a san ƙwayoyin cuta ba tukuna, bututun da ya fito daga cikin malfa shi ke shiga jiki. Zazzaɓi mai rawar ɗari ya zama abokin tafiya, har Andrew Clark ya yi masa suna da zazzaɓin bututu a 1883, kuma da yawa ta nan ajalinsu ya zo. Robar nan mai ɗan balan-balan a baki, wadda ke zama daram a mafitsara, wadda muka sani a asibitocinmu, sai a shekarun 1930 Frederic Foley ya fito da ita a Amurka.

Da aka samu maganin sa barci a 1846, kuma Joseph Lister ya koya wa duniya tsabtace rauni da kayan aiki a 1867, sai likitoci suka samu ƙarfin halin tunkarar tsokar kanta. Enrico Bottini a Italiya ya gwada ƙona ta da wayar lantarki ta hanyar fitsari a 1874, amma lalube yake yi cikin duhu, ba ya ganin abin da yake ƙonawa. Sa'an nan lurar Hunter ta dawo karo na farko. A 1893 J. William White na Philadelphia ya ba da shawarar a riƙa fiɗiye dattawa don furostet ta motse. An yi wa mutane masu yawa haka a Amurka da Turai. Wasu sun mutu, wasu hankalinsu ya gigice, da yawa kuma fitsarin bai sake su ba. Cikin 'yan shekaru aka watsar da abin. Duk lokacin da na karanta wannan babi nakan yi mamakin irin azabar da za ta sa namiji ya miƙa wuya ga haka, kuma ita kaɗai ta isa ta nuna maka cewa tsarewar fitsari ba ƙaramar jarrabawa ba ce.

Mafita ta gaskiya ta zo ta saman mara. William Belfield a Chicago da Arthur McGill a Leeds, a ƙarshen shekarun 1880, sun buɗe mafitsara sun yanke ɓangaren da ya kutso cikinta. Eugene Fuller a New York ya ƙwaƙule tofon gaba ɗaya a 1895. Amma wanda sunansa ya bi aikin shi ne Peter Freyer, mutumin Ailan da ya daɗe yana aikin likitan soja a Indiya, wanda ya fara yin wannan tiyata a asibitin St Peter na Landan a ƙarshen 1900. Ya yayata ta a matsayin sabon abu, Fuller da magoya bayansa suka ce an kwashe musu aiki, aka yi ta musayar wasiƙu masu zafi a mujallun likitoci.

Yadda ake yin ta abin ban mamaki ne. Tofon da ke cikin furostet yana da iyaka tsakaninsa da tsohuwar tsokar da ya ture gefe, kamar tsakanin tsokar lemo da ɓawonsa. Likita kan yanka ƙasan cibiya, ya buɗe mafitsara, ya zura yatsa ya sami wannan iyaka, ya zagaya da ita har tofon ya ɓalle, cikin 'yan mintoci. Abin da ya rage shi ne rami mai zubar jini, wanda a zamanin Freyer ba a ɗinke shi, sai dai a wanke da ruwan ɗumi, a bar ƙaton bututu a mara. Majinyaci kan yi makonni kwance a jiƙe kafin ƙofar ta rufe. Zubar jini da ƙwayoyin cuta da gazawar ƙoda su ne manyan masu kisa. Duk da haka, a 1920 Freyer ya ba da rahoton mutum fiye da 1,600 da ya yi wa aiki, waɗanda suka rasu kimanin kashi 5 cikin 100. A wancan zamani wannan nasara ce babba.

A Baltimore kuwa Hugh Hampton Young na asibitin Johns Hopkins ya bi ta ƙasa, tsakanin maraina da dubura, tun daga 1903. Hanyar tasa ta rage mace-mace a hannun gwani, amma a hannun wanda bai ƙware ba takan ɓula dubura, ko ta bar mutum da ɗigar fitsari ko mutuwar gaba. A 1909 ya ƙera wani bututu mai wuƙa a ciki da ke gutsure tsoka ta hanyar fitsari, da shi ya yi wa attajirin nan James Brady aiki a 1912, shi kuma ya ba da kuɗin gina cibiyar da ke ɗauke da sunansa, aka buɗe ta a 1915. Harry Harris na Sydney ya koya wa likitoci ɗinke jijiyoyin da ke zubar jini a ƙarshen shekarun 1920. A 1945 kuma Terence Millin, wani mutumin Ailan a Landan, ya buga rahoton majinyata 20 da ya cire wa tofon ta bayan ƙashin mara, ya yanka ɓawon furostet kai tsaye ba tare da ya buɗe mafitsara ba, yana ganin inda jini ke fitowa yana ɗaurewa.

Ana cikin haka wata hanya na girma a gefe, kuma ita ce ta zo ta mamaye ƙarni na 20. Max Nitze a Jamus ya ƙera madubin leƙa mafitsara a ƙarshen shekarun 1870. A 1926 Maximilian Stern a New York ya haɗa madubin da 'yar waya mai siffar zobe da lantarki ke sa ta yanka a cikin ruwa. Theodore Davis, wanda ya yi aikin lantarki kafin ya zama likita, ya ƙara mata feda ta ƙafa, a taka nan a yanka, a taka can a tsayar da jini. Joseph McCarthy ya kyautata madubin a farkon shekarun 1930. Da wannan na'ura likita ke shiga ta hanyar fitsari ya fafe cikin furostet sala-sala kamar mai fafe ƙwarya, babu yanka ko ɗaya a fata. Ita ce likitoci ke taƙaita sunanta da TURP.

Farkonta bai yi kyau ba. Ganin kamar abu ne mai sauƙi, likitoci da yawa suka sayi na'urar ba tare da horo ba, aka yi ta ɓarna. Akwai wata tsoka mai riƙe fitsari dab da ƙasan furostet, wanda ya yanke ta ya bar mutum yana ɗiga har ƙarshen rayuwarsa. Sa'an nan ga wata musiba da aka daɗe ba a gane kanta ba. Dole a riƙa kwarara ruwa yayin aikin don likita ya gani, kuma ruwan gishiri ba ya yiwuwa domin yana watsa lantarkin, don haka ake amfani da tsurar ruwa. Wannan ruwa kan shige cikin jijiyoyin da aka yanke. A 1947 Charles Creevy na Minnesota ya nuna cewa yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, ƙoda ta tsaya. Aka koma ga ruwa mai sinadarin gilaisin a 1948, fashewar jini ta ragu, amma tsarma gishirin jini bai gushe ba: majinyaci ya rikice, ya yi amai, ganinsa ya dushe, wani ya yi jijjiga. Saboda haka ne aka ƙayyade wa likita kimanin awa guda zuwa awa ɗaya da rabi, kuma furostet da ta wuce giram 80 akan bar wa wuƙa. Sai wajen shekara ta 2000 aka samu na'urar da ke aiki cikin ruwan gishiri, wannan hatsari ya kusan gushewa ga masu ita. Ƙididdiga daga Amurka ta nuna tafiyar da aka yi: a rahoton 1962 mace-macen TURP kashi 2.5 ne cikin 100, a rahoton 1989 kan majinyata 3,885 ya sauko zuwa 0.2.

Akwai abin da duk wannan ci gaba bai kawar ba, kuma shi ne nake ganin ya fi shafar mutanenmu. Bayan TURP ko tiyatar buɗe mara, kimanin mutum 2 cikin 3 ko fiye maniyyinsu kan koma cikin mafitsara a maimakon ya fito, domin an buɗe wuyan mafitsarar da ke rufewa a wannan lokaci. Ba ya cutar da lafiya, yawanci kuma ƙarfin namiji yana nan, amma haihuwa takan yi wuya ƙwarai. A ƙasashen da ɗan shekara 65 ya daɗe da rufe babin haihuwa ana ɗaukar wannan ƙaramin abu. A wurinmu, inda dattijo kan kasance da amarya da burin ƙarin zuriya, zance ne babba, kuma haƙƙi ne a kan likita ya faɗa masa ƙarara kafin ya sa hannu, haƙƙi ne a kansa shi ma ya cire kunya ya tambaya. Sauran matsalolin su ne zubar jinin da kan kai ga ƙarin jini, ƙwayoyin cuta, tsukewar hanyar fitsari saboda tabo bayan watanni, ɗigar fitsari ta dindindin ga kimanin 1 cikin 100, da sake tofowar tsokar bayan shekaru. Kuma tun da ɓawon yana nan, sankara na iya kama shi daga baya, don haka wanda aka yi wa aiki bai fita daga bukatar dubawa ba.

Lurar Hunter ta dawo karo na biyu a 1974, lokacin da Julianne Imperato-McGinley ta ba da rahoton wasu iyalai a Jamhuriyar Dominika da aka haifa da rashin wani sinadari mai sarrafa sinadarin mazantaka, furostet ɗinsu kuwa ba ta girma. Daga nan aka samo maganin finasteride, wanda Amurka ta amince da shi a 1992, yana motsar da ita a hankali cikin watanni. Ga kuma dangin tamsulosin masu sassauta tsokar wuyan mafitsara. Waɗannan ƙwayoyi sun rage yawan tiyata ƙwarai a ƙasashen Yamma. Su ma da nasu: na farko kan rage sha'awa, na biyu kan sa jiri, kuma a 2005 aka gano yana wahalar da aikin cire yanar ido, don haka dattijon da ke shan sa ya gaya wa likitan ido tun kafin a kwantar da shi.

A ƙarshen shekarun 1990 Peter Gilling da Mark Fraundorfer a garin Tauranga na New Zealand suka fito da hanyar cire tofon gaba ɗaya da hasken leza ta hanyar fitsari. Abin sha'awa, iyakar nan tsakanin tsoka da ɓawo da yatsan Freyer ke lalube ita ce lezar ke bi, sai dai yanzu ana gani, jini kaɗan ne, kuma girman furostet ba ya hanawa. Koyonta da wuya, kayanta da tsada, kuma mutum kan yi 'yan makonni yana ɗiga kafin ya daidaita. Bayanta an samu masu sauƙi: ƙananan ƙugiyoyi da ke janye tsokar gefe, da Amurka ta amince da su a 2013, da turara tsokar da tururin ruwa a 2015, da toshe jijiyoyin da ke shayar da ita. Waɗannan sun fi kiyaye fitar maniyyi, amma sun fi bukatar a sake aiki daga baya.

A asibitoci da dama na Nijeriya da Nijar har yanzu hanyar Freyer da ta Millin na nan ana yi, saboda ƙarancin na'urori da kuma yadda mutane kan iso da furostet da ta riga ta ƙasaita. A hannun ƙwararre aiki ne mai kyau, sakamakonsa mai ɗorewa, kada wani ya raina shi don ya tsufa. Abin da ke damuna shi ne zaman bututun nan na ƙarni na 19 da ke raye a tsakaninmu: dattawa masu ɗauke da jakar fitsari ƙarƙashin babbar riga, suna zuwa canjin roba wata bayan wata, wani har shekara, suna jiran kuɗin aiki ko layi, ƙwayoyin cuta kuwa na cin ƙodarsu a hankali. Da yawansu sun yi shekaru da alamomin farko suna shan jiƙe-jiƙe, alhali Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasu daga cikinsu har masallaci suke ƙaurace wa, suna zaton ba su da tsarki. Malamai kuwa sun daɗe da yi wa salasul bauli babi. A mazhabar Malikiyya, ɗigar da ta lizimci mutum rabin lokaci ko fiye ba ta warware alwala, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna an so mai wannan lalura ya sabunta alwala ga kowace salla. Wasu mazhabobin sun wajabta masa alwala ga kowane lokacin salla. Mai ɗauke da roba, da wanda ke cikin makonnin ɗiga bayan tiyata, ya juye jakarsa, ya tsabtace abin da zai iya, ya kiyaye shimfiɗar masallaci, ya yi sallarsa, sa'an nan ya kai wa malamin garinsa cikakken bayanin halin da yake ciki don a ba shi hukuncin da ya dace da shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.